Motar kwandon roba daga Jos zuwa Mile 12: ta biya kuɗinta, amma da sharaɗi

Duk mai sayar da kabeji, karas ko tumatir a kasuwar Mile 12 da ke Legas ya san Jos rumbu ce a gare mu. Lambuna da yawa a wajen Bukuru da Barkin Ladi suna shan ruwa ne daga kududdufan da haƙar kuza ta bari. Farashin kuza ya rushe a 1985, kamfanoni suka yi sanyi, manoma suka ɗora injin ban ruwa a bakin ramukan suna noman rani. Layin dogon da ya isa Jos ta Kafanchan a 1927 ba ya kawo mana ko kwando ɗaya, don haka kayan gwari duk kan taya suke zuwa.

Bayan lodi da dama daga kasuwar Farin Gada ta Jos a motar da ke bayar da hayar kwandon roba, hukuncina shi ne ta fi kwandon gargajiya nesa ba kusa ba. Kowane kwando yana cin kusan kilo 25, kuma idan aka jera su, na sama bakin na ƙasa yake hawa, ba kan tumatir ba. Ga huji ta kowane gefe, iska na ratsawa. A kwandon gargajiya kuwa na ƙasa ke ɗaukar nauyin kowa, kafin a kai Ibadan ruwa na ɗiga daga bayan mota, a sauke rabinsa ya zama baje.

Sai dai roba ba ta gyara ganganci. A tsinki tumatir yana fara ja, kada a jira ya nuna lugub. Kada a tula kwando ya wuce baki, domin na sama zai murƙushe shi. Karas ɗin da aka wanke a bar shi ya tsane. Kabeji a bar masa ganyen waje. A yi lodi da yamma, kuma kada a lulluɓe da tamfol ruf, zafi zai dafa kayan.

Inda nake da ƙorafi shi ne lokaci. Direba kan tsaya jiran mota ta cika, awanni na tafiya kaya na kwance. Sannan gangaren Hawan Kibo yana cin birki, wallahi mai kaya ya tambayi lafiyar birki kafin a tashi, rai ne a ciki. Ga shingaye da masu karɓar haraji ta Akwanga, Keffi har Lokoja. Da damina a tuna ambaliyar 2022 da ta datse hanya a Koton Karfe.

Kuɗin mota ya haura tun cire tallafin mai a 2023, kuma kwandon da ya ɓace kai za ka biya. A ƙirga su gaban dillali wajen lodi, a sake ƙirgawa kafin 'yan dako su watse da su cikin kasuwa.