Gargaɗi ga masu kiwon mage: ku yi hattara da masu tallan jakar ɗaukar mage a Instagram

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk mai mage a gida, ko wanda ya san mai ita, don Allah ya daure ya karanta wannan. Akwai wasu masu shafi a Instagram da ke tallan jakar ɗaukar mage ta yadi, irin mai raga a gefe, suna cewa don mage mai tsoro aka yi ta musamman. Sun cuce ni, kuma kuɗin da suka ci shi ne ƙaramin abu a cikin abin da ya faru. Saura ƙiris mu yi hatsari a hanyar Zariya, mu uku a mota har da mahaifiyarmu.

Ba zan kama sunan shafin ba. Daga lokacin da na biya su zuwa yau sun canza suna sau biyu, kuma sunan da suka yi amfani da shi a kaina ya yi kama da na wata baiwar Allah mai sana'arta tsakani da Allah. Ba na so in shafa mata kashin kaji. Yadda suke aikin zan faɗa muku, shi ne ba ya canzawa.

Hajiyarmu ce za ta bar Kano ta koma wurin Yayanmu a Zariya. Tana da mage, Lami, wadda ta raina tun tana jaririya, shekara shida ke nan. Lami matsoraciya ce ta gaske. Baƙo ya yi sallama, ta shige ƙarƙashin gado. A tayar da janareta, ba za ka sake ganinta ba sai an kashe. Sau ɗaya muka taɓa kai ta asibitin dabbobi a cikin kwali, kafin mu isa ta huda shi ta fasa wa ƙanena hannu. Hajiya kuwa ta ce ƙafarta ƙafar Lami, ba ta barin ta a hannun maƙwabta. Shi ya sa na shiga neman jaka.

Bidiyon da na gani ya yi kyau. Wata farar mage kwance a cikin jaka mai ruwan toka, hankalinta kwance, ana jan zif a hankali ana nuna ciki. An rubuta cewa farce ba ya yaga ragar, zif ɗin yana da makulli, ƙasan jakar ba ya lanƙwashewa, kuma wai IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ta amince da ita don shiga jirgi. Kuɗinta naira 25,000, alhali irinta da na taya a wani shago ta haura 40,000. Na yi magana, nan take aka mayar da ni WhatsApp. Wani mutum mai taushin murya ya turo saƙon murya: "Hajiya, ranki ya daɗe, wallahi guda biyu suka rage, ga wata ma tana tambaya yanzu. In kin ɗauka zan haɗa miki da maganin fesawa mai kwantar da hankalin mage, 7,000 kacal."

Na ce ya ɗaukar mini bidiyon jakar a hannunsa, ya ce kayan suna sito a Legas. Na ce to in biya idan ta iso, ya ce an sha cutarsu, sun daina haka. Lambar asusun da ya turo kuma sunan wani mutum ne daban, ba sunan shafin ba, ba kuma sunan da ya gaya mini nasa ba. Duk na ga waɗannan, raina ya ɗan sosu, amma ranar tafiya ta matso, na tura. Washegari ya ce kuɗin aike 4,500, na tura. Kwana biyu bayan haka ya ce akwai kuɗin inshorar kaya 3,000, wai za a mayar mini idan saƙo ya iso. Nan na ƙi, na ce ko dai jaka ko kuɗina. Sai da aka yi kwana tara, ana gobe tafiya da daddare, wani direba ya kira ni in zo tasha in karɓi saƙo.

Baƙar leda ce an naɗe ta da salatif. Ina buɗewa warin roba da gam ya buge ni. Yadin sakayau, ka ɗaga shi a fitila kana hango haske. Ragar gefe kuwa ba ta da maraba da gidan sauro, na sa ɗan yatsa na danna sai ta lotsa ta kasa komawa. Ƙasan jakar kwali ne aka lulluɓe da ƙyalle, na sa galan ɗin ruwa a ciki na ɗaga, tsakiyar ta lanƙwashe kamar ƙwarya. Zif ɗaya ne siriri, babu makulli, kuma inda ya ƙare akwai ɗan gibin da yatsa zai shiga. Na kira mai tallan, ya ce ai sabon samfuri ne, ya ma fi wancan. Na tura masa hoto, sai kawai ya toshe lambata.

Kuskurena shi ne da na yi amfani da ita duk da abin da idona ya gani. Na ce tafiyar ba ta da nisa, za mu lallaɓa.

Mun fita bayan sallar asuba, ƙanena ke tuƙi, ni da Hajiya a baya, jakar a tsakaninmu. Tun kafin mu wuce Kura Lami ta fara kuka, irin kukan nan mai tsawo daga cikin maƙogwaro. Tana ta juyi a ciki, ƙasan jakar yana motsi a ƙarƙashinta, abin da ya ƙara firgita ta ke nan. Muna dab da Kwanar Dangora ta sa hanci a wannan gibin na ƙarshen zif ta tura, lokaci guda ta kafa faratanta a raga. Ragar ta yage kamar takarda. Kafin in kai hannu ta tsallake kujera ta faɗa gaba, ta shige ƙarƙashin ƙafafun ƙanena, tsakanin burki da totur. Ga tirela a bayanmu. Hajiya sai salati take. Shi ko ya kasa taka burki don mage na wurin, sai ya ɗaga ƙafa daga totur ya kunna sigina, ya bar motar ta rage gudu da kanta yana jan burkin hannu kaɗan-kaɗan har muka sauka gefen titi. Allah ne kawai ya tsare.

Abin da ya fara faɗa shi ne, "Yaya, kada kowa ya buɗe ƙofa." Da mun buɗe, da ta faɗa daji ko titi, shi ke nan. Mun fi minti ashirin gilashi a rufe kafin Hajiya ta lallashe ta ta rufa mata mayafinta ta jawo ta. Bakinta a buɗe tana haki kamar kare, farce ɗaya ya karye yana jini. A cikin kwandon wanki na roba mai murfi muka ƙarasa da ita, mun ɗaure murfin da igiya, kuma wallahi kwandon ya fi jakar 25,000 amfani.

Likitan dabbobin da muka kai ta wurinsa a Zariya ne ya buɗe mini ido. Ya ce mage ba ta haki da baki a buɗe haka kawai yadda kare ke yi. In ka ga tana yi, to tsoro ko zafi ya kai mata maƙura, kuma ana iya rasa ta. Zafin jikinta na yau da kullum tsakanin digiri 38 ne da 39, ga zafin ƙasarmu da ke haura 40 a watan Afrilu, jakar da iska ba ta ratsa ta sosai kuwa tanda ce.

Da na nuna masa kwalbar fesawar nan sai ya ɓata fuska. Babu sunan kamfani, babu lambar NAFDAC, babu ranar lalacewa, sai wata 'yar takarda da aka manna. Ƙamshinta kamar man zafi. Allah ya taimake ni ban fesa ba, don warin ya hau mini kai tun a gida. Ya ce irin waɗannan mayuka masu ƙarfin ƙamshi, kamar na turare da na na'a-na'a da na ɓawon lemo, guba ne ga mage, saboda hantarta ba ta iya sarrafa su yadda tamu ke yi. Dalilin nan ne ma ya sa farasitamol ke kashe mage, ƙwaya ɗaya ta isa. Na faɗi wannan ne don na san akwai masu ba dabba maganin mutane da kyakkyawar niyya. Akwai feshi na gaskiya, irin su Feliway, wanda yake kwaikwayon sinadarin da mage ke gogawa da kumatunta a jikin kaya idan ta saki jiki da wuri. Shi ma a cikin jakar ake fesa shi kamar minti 15 kafin a sa ta, ba a jikinta ba. In tsoron ya yi yawa akwai maganin da likitoci ke bayarwa kafin tafiya, gabafentin, amma likita ne zai auna nauyinta ya faɗi adadi. Ba mai shafin Instagram ba.

Batun IATA kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Ita wannan ƙungiya ta kamfanonin jiragen sama tana fitar da ƙa'idojin ɗaukar dabbobi, misali dabba ta iya miƙewa tsaye, ta juya, ta kwanta ba a takure ba. Amma ba ta sa wa jakar wani kamfani hatimin amincewa. Kowane kamfanin jirgi shi ke faɗin girman jakar da zai bari a shiga da ita, wasu ma ba sa yarda sam, kuma jakar yadi ba ta shiga ɗakin kaya, can sai akwati mai tauri. Duk wanda ya ce muku jakarsa tana da shaidar IATA, daga nan ku san da wa kuke magana.

Ni ban ce jakar yadi ba ta da kyau ba. Mai kyau tana da sauƙin ɗauka, kuma mage mai sanyin hali tana jin daɗinta. Amma mage mai tsoro ba zama za ta yi ba, za ta bi kowane ɗinki da kowane gibi tana gwadawa, kuma guda ɗaya take nema. Don haka sai kun riƙe jakar a hannu. Ku ja ragar da ƙarfi, ta gaskiya tana da kauri, an lulluɓe zarenta da roba. Ku duba zif, ya zama kawuna biyu ne da ake haɗawa a maƙale, sannan ku tura yatsa daga ciki ku ga ko zai buɗe. Ku sa abu mai nauyin kilo 4 ko 5 ku ɗaga, in ƙasan ya lotsa ku ajiye musu kayansu. A samu raga aƙalla gefe biyu ko uku, da ƙofa ta sama, domin cusa mage mai tsoro ta ƙofar gaba yaƙi ne. In kuma taku irin Lami ce mai yaƙushi da cizo, shawarata ku haƙura da yadi gaba ɗaya ku sayi akwatin roba mai tauri wanda ake cire samansa. Likitan ma shi ya fi so, don yana iya duba ta tana zaune a rabin ƙasan ba sai an finciko ta ba.

Wani abin da mai tallan ba zai gaya muku ba: babu jakar da ke kwantar da hankalin mage ranar farko. Sabo ne ke yi. A ajiye ta a buɗe a ɗaki sati ɗaya ko biyu kafin tafiya, a shimfiɗa tsumman da take kwana a kai, a riƙa jefa mata ɗan kifi a ciki har ta fara shiga da kanta. Ranar tafiya a rage mata abinci 'yan awanni kafin a tashi saboda amai, a rufa wa jakar ƙyalle marar nauyi a bar gefe ɗaya don iska, a ajiye ta a ƙasa bayan kujerar gaba inda ba za ta riƙa zamewa ba. Jakar da ta iso ana gobe tafiya, ko da ta gaske ce, ta makara. Su kuma da gangan suke jan lokaci, don sun san in ta iso a ƙurarren lokaci ba ka da damar yin rigima.

Da na tsaya na duba shafin da kyau bayan komai ya wuce, abin duk a fili yake. A Instagram in ka danna ɗigo ukun nan na saman shafi ka shiga bayanin asusu, za ka ga watan da aka buɗe shi da sau nawa aka canza masa suna. Nasu wata uku ne kacal da buɗewa. Sun kulle wurin sharhi a kowane hoto. Shaidar kwastomomin da suke wallafawa duk hoton hirar WhatsApp ne da kowa zai iya ƙirƙira da waya biyu. Na sa hoton jakar a Google Lens, manhajar da ke binciko hoto a intanet, sai ga shi a shafukan kasuwancin ƙasashen waje rututu, har da farar magen. Cinikin biri a sama na yi.

Na kai ƙorafi bankina da rasit ɗin tiransfa da hotunan hirarmu, na rubuta wa hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, na kuma kai rahoton shafin a Instagram. Wanda abin ya same shi ya yi wannan a ranar, kada ya jira kamar yadda na jira, don su ba sa barin kuɗi ya kwana a asusu. Kuma kada ku goge hirar don haushi, ita ce hujjarku.

Lami ta warke, farcen ya fara fitowa, sai dai ta yi kwana huɗu a bayan firij ɗin gidan Yaya ba ta fitowa sai dare ya raba. Shekaranjiya wata ƙawata ta turo mini talla tana tambaya ko in san masu shafin, za ta saya wa magen 'yarta. Suna sabo ne, lambar waya sabuwa, amma bidiyon shi ne dai: farar mage a jaka mai ruwan toka, kuma an rubuta guda biyu suka rage.