Efidabros ko ƙananan gidajen wasa na Atina? Ni dai ga nawa

'Yar'uwa kin tambaya inda ya fi ki je kallon wasan kwaikwayo a ƙasar Girka, ni dai ki ɗage tafiyar nan zuwa lokacin sanyi kawai ki shiga ƙananan gidajen wasa na cikin Atina, tunda irin labaran da ke ranki na soyayyar da ba a iya faɗa ne, da kaɗaici, da babba ya so yaro. Biyun ma ba sa haɗuwa a lokaci ɗaya, Efidabros, wato tsohon filin wasan nan na dutse da ke can wajen Atina, sai Yuli da Agusta, Juma'a da Asabar da dare, su kuma ƙananan daga Oktoba suke buɗewa har wajen Mayu, da zafi ya shigo yawancinsu a rufe.

Wanda ya tsaya min a rai wani ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa a unguwar Metaksurgiyo, sai kin sauka matattakala kamar za ki shiga sito, kujerun ba su kai saba'in ba. Yuro 15 na biya, ranar Litinin ce, don a can ƙananan wasanni da yawa Litinin da Talata ake sa su lokacin da manyan ke hutu. Mutum biyu ne kacal a dandamali, wata mata da mijinta ya rasu ta kusa sittin da wani saurayi da ke haya a gidanta, sa'an ɗanta. Girkancina a lokacin na cefane ne, rabin maganar ta wuce ni, amma akwai wurin da take goge masa riga ta gama ta ninke ta ajiye sai ta sake ɗauka ta warware ta fara gugar daga farko, ba ta ce uffan ba, wallahi ina jin numfashinta daga inda nake zaune. Wata tsohuwa kusa da ni ta ciro hankici. Mu ma ai mun san abin, tsoho ya auri sa'ar jikarsa a sha biki, amma bari bazawara ta kalli wanda ta girma, gari ya ɗauka. Ashe su ma bakin mutane ne ke kashe su.

Kuma wannan salon na ɗakin ƙasa ya daɗe a can, darakta Karolos Kun da ya kafa gidan wasan Tiyatro Teknis a 1942 a ƙarƙashin ƙasa ya yi shekaru yana aikinsa, har yau 'yan wasansu na alfahari da hakan.

Efidabros kuwa to, wuri ne mai tarihi ba musu, an gina shi tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, yana cin mutum wajen 14,000 kuma murya na kaiwa har sama. Labarin da kike nema ma can asalinsa yake, wasan Hifolitus na marubuci Yurifidis da aka fara yi a shekara ta 428 kafin haihuwar Annabi Isa, inda Fedra matar sarki Tisiyas ta kamu da son ɗan mijinta, da ya ƙi ta sai ta yi masa ƙazafi, za ki tuna da ƙissar Annabi Yusuf da matar Azizu sai dai nan ƙarshen mutuwa ne. Da shi aka gwada wurin a 1954 kafin bikin wasannin da ake yi a can duk shekara ya kankama a 1955. Amma ni na yi da-na-sanin kuɗina. Tafiyar awa biyu da wani abu a mota, zama kan dutse, can ƙololuwa, 'yan wasan kamar tururuwa, ido ɗaya na kan allon fassara. Ciwon so a fuska ake ganinsa, ni kuwa ko hancinsu ban gani ba.

Abin da ya ƙara ɓata min rai wani mai shirya tafiye-tafiye ne ya sayar min da tikitin haɗe da mota, ya rantse layin gaba ne, ashe mafi arahar kujera ya saya ya ninka min kuɗi. Don haka ki kiyayi masu tallan tikiti a Facebook da masu tare mutum a titi suna cewa saura biyu, wasu hoton tikiti ɗaya suke tura wa mutum biyar. Ki saya a shafin gidan wasan ko a tagarsu, ki duba lambar layi da idonki.

In yaren ne ke ba ki tsoro, gidan Onassis Stegi da ke titin Singru yakan sa fassarar Turanci a wasu ranaku, sai ki duba kafin ki biya. Ki kuma tambayi mai sayar da tikiti ko akwai tsiraici, don wasu daraktocinsu ba ruwansu, kar ki je da Mama ku rasa inda za ku sa ido. Ki nemi Nuwamba, layi na biyu ko na uku.