Yaron Ashaiman ne ya riƙe fim ɗin nan

Tun 2015 Beasts of No Nation ya fito a Netflix, amma sai kwanan nan muka zauna ni da yayana a gidanmu na unguwar Nima a Accra muka kalle shi. Labarin Agu ne, yaron da yaƙin basasa ya raba da iyayensa a wata ƙasar Afirka ta Yamma da ba a ambaci sunanta ba, ya faɗa hannun 'yan tawaye suka ɗora masa bindiga. A nan Gana aka ɗauki fim ɗin, har za ka ji iyalin Agu suna hira da yaren Twi.

Abraham Attah, ɗan garin Ashaiman da ya fito a matsayin Agu, bai taɓa fitowa a fim ba kafin wannan. Wallahi yaron ya ba ni mamaki. Da farko ɗan ƙiriniya ne, yana yawo da ƙwaryar talabijin marar gilashi yana neman sayar wa sojojin kiyaye zaman lafiya, irin yaran da muke gani kullum a lungunan Mamobi. Sannu a hankali dariyar nan ta gushe. Ranar da Kwamandan 'yan tawayen ya miƙa masa adda ya ce ya sari mutumin da ke durƙushe yana roƙo, yaron bai yi kururuwa ba, bai zubar da hawayen ƙarya ba. Idonsa kawai za ka duba ka san an kashe wani abu a cikinsa. Kyautar Marcello Mastroianni ta 'yan wasa masu tasowa da ya samu a bikin fina-finai na Venice, ya ci ta da guminsa.

Idris Elba ma ya yi ƙoƙari. Kwamandan da ya fito a matsayinsa na da daɗin baki, yana jan yaran a jiki kamar uba alhali shi ne ke cutar su, kuma wannan ya fi tsawarsa ban tsoro. Strika, abokin Agu da ba ya magana ko kaɗan, shi ne ya sa yayana ya kau da kai daga kallon.

Inda nake da ƙorafi shi ne tsarin labarin. Darakta Cary Fukunaga ya daɗe ƙwarai a daji da harbe-harbe, tsakiyar fim ɗin ta yi ja, sannan rayuwar Agu bayan ya tsira aka ba ta 'yan mintoci. Mu da muka san 'yan Laberiya da suka zauna a sansanin 'yan gudun hijira na Buduburam tun 1990, mun ga yadda wanda ya tsira ke fama shekara da shekaru: rashin barci, fushi ba dalili, gudun mutane. Wannan ɓangaren na so a buɗe mana sosai, don Attah zai iya ɗaukarsa.

Duk da haka ku neme shi ku kalla. Ya haura awa biyu, kuma akwai kisa da cin zarafin yara a ciki, saboda haka a bari sai ƙanana sun kwanta.