Sati shida ina shan garin ganyen shinkafa, ga yadda muka kwashe

Gwangwanin ya ƙare jiya, shi yasa nace bari in zauna in rubuta abinda na gani tunda mutane sunata tambayata wai menene koren abin nan da nake kaɗawa da safe.

Da farko dai ba garin shinkafa bane, ba kuma madarar shinkafa ba, don naga wasu suna haɗa su. Wannan ganye ne, yabanyar shinkafa tun tana ƴar ƙarama bata yi kara ba ake yanke ta, a matse ruwan ko a busar a niƙa. Daga ciyawar alkama aka ɗauko dabarar, wadda wani ɗan Amurka Charles Schnabel ya fara tallatawa a shekarun 1930, daga baya Ann Wigmore ta yaɗa shan ruwanta. Sai masu bincike a ƙasashen da shinkafa ce abincinsu, musamman Tailan, suka ga to me zai hana a gwada da tasu, kuma akwai dalili mai kyau ɗaya, shinkafa bata da gulutin kwata kwata, wato sinadarin cikin alkama da jikin wasu baya ɗauka, don haka wanda alkama ke wahalar dashi baya fargabar ko ƙwayar hatsi ta faɗa cikin ganyen wajen yanka.

Nawa gram 100 ne, an rubuta cokalin shayi ɗaya a kofin ruwa. Ranar da na buɗe shi kore ne shar, ƙamshinsa kamar ka wuce ta inda aka gama yankan ciyawa bayan ruwan sama, a baki kuma bashi da ɗacin nan na ciyawar alkama mai tsayawa a maƙogwaro, akwai ɗan gafi amma can ƙarshe zaka ji ɗan zaƙi zaƙi. In ka matsa lemun tsami kaɗan gafin ma ɓacewa yake. Gaskiya ta wajen daɗi ban da ƙorafi. Matsalarsa baya narkewa, ko ka kaɗa shi da kyau in ka ajiye kofin minti biyu zaka tarar ya kwanta a ƙasa kamar laka, kurɓin ƙarshe kuma sai kaji ɓarɓashi a haƙori, ganyen shinkafa dama kaushi gareshi saboda silika, sinadarin nan na yashi, da ke cikinsa. Wajen sati na huɗu launin ya fara komawa ruwan ƙasa ƙasa duk da ina rufe murfin, gwangwanin bashi da leda ta ciki mai hana iska, wannan sakacin masu haɗawa ne.

A jikina kuwa, kwana biyun farko cikina yayi ta ƙugi, daga nan ya lafa. Bayan haka ba wani canji da zan rantse akai, illa dai na saba shan ruwa da sassafe wanda da ba na yi.

Abinda ya ɓata min rai rubutun jikin gwangwanin ne. Wai yana ƙara jini, yana wanke guba daga jiki, yana taimakon masu suga. Maganar ƙara jinin nan tsohuwa ce, an gina ta ne akan cewa kulorofil, wato abinda ke sa ganye yayi kore, yana kama da jan sinadarin da ke cikin jininmu. Eh sun yi kama a zane, amma a tsakiyar na ganye maganiziyam ne, a tsakiyar na jini ƙarfe ne, kuma jiki baya juya wancan ya koma wannan. Mai ƙarancin jini da zai ajiye maganin da likita ya bashi ya koma kan wannan wallahi cutar kansa zai yi, abin nan yana damuna sosai don mata masu ciki ne suka fi faɗawa irin wannan tallan. Abinda yake gaskiya shine ganyen yana da sinadaran nan masu kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, kuma na baƙar shinkafa ya fi na fara yawansu, amma yawancin gwajin a ɗakin bincike akayi shi da kuma jikin ɓeraye, tsakanin wannan da a ce yana maganin cuta a jikin mutum akwai tafiya mai nisa.

Sai babbar maganar, wadda ita tasa bazan sake sayen wannan ba a yanzu. Shinkafa tana zuƙar arsenik, wani sinadari mai guba, daga ƙasa fiye da sauran hatsi, dalili kuwa in ruwa ya kwanta a gona iska ta daina shiga ƙasar sai arsenik ɗin ya saki ya narke, ita kuma shinkafa ta hanyar da take jan silika ta nan yake bi ya shige ta. Kuma fa a saiwa da kara da ganye ya fi taruwa, abinda ke kaiwa ga ƙwayar da muke dafawa shine mafi ƙanƙanta. To kaga mu da muke shan ganyen ai mu ya kamata mu fi kowa tambaya. Arsenik ba abin wasa bane, yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa in ya daɗe yana shiga jiki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar ya wuce maikirogram 10 a litar ruwan sha, a Birtaniya ma shawarar hukuma ce kar a riƙa ba yara ƴan ƙasa da shekara 5 madarar shinkafa a madadin madara saboda shi. Ga kuma kadmiyam, wani ƙarfe mai guba, wanda ya raunata ƙasusuwan mutane a Toyama ta Japan ta hanyar shinkafar da aka shayar da ruwan kogin da ma'adinai suka gurɓata.

Ba ina cewa nawa yana da guba bane, kar a yi min mummunar fahimta. Yabanyar da aka shuka a tire da ruwa mai tsabta aka yanke cikin ƴan kwanaki ba ɗaya take da wadda aka yanko daga gona mai kwantaccen ruwa ba. Amma a ina aka shuka tasu? Gwangwanin bai faɗa ba. Na tura wa kamfanin saƙo nace don Allah su turo min takardar gwajin lab ta arsenik da kadmiyam da dalma, amsar da suka bani wai kayansu oganik ne ba'a sa taki ko maganin ƙwari. Na sake rubutawa nace ai arsenik a cikin ƙasa da ruwa yake, rashin sa taki baya cire shi, sai suka sake turo min amsar farkon nan kalma da kalma.

Na gwada shuka tawa a tire ma in huta, nan ma akwai abin lura. Kar ka kuskura ka yi amfani da irin shuka da aka cuɗa da magani, wanda zaka ganshi da jan launi ko ruwan hoda, wannan na gona ne ba na baki ba. Sannan ɗumi da danshin da iri ke so shi fumfuna da ƙwayoyin cuta ke so, a kwana na shida na ɗaga gefen tiren naga wani farin gashi gashi da ɗigon baƙi a gindin tsiron yana warin ruɓa, duka na zubar. Ɗanyen ruwan ba dafa shi ake ba, kuma a 2011 a Jamus tsiron hulba ɗanye ya yaɗa ƙwayar cutar E. coli har mutum sama da 50 suka mutu. Shi yasa mai ciki da ƙananan yara da tsofaffi da wanda garkuwar jikinsa tayi rauni ni dai nace su bar ɗanyen. Mai shan warfarin, maganin nan na hana jini daskarewa, shi kuma ya fara tambayar likitansa, koren ganye yana da bitamin K kuma yana rage wa maganin ƙarfi.

In da maki zan bayar, daɗi huɗu cikin biyar, gwangwani biyu, rubutun jikinsa ɗaya. Shekaranjiya na tura musu saƙo na uku, wannan karon na haɗa da lambar rukunin da ke ƙasan gwangwanin nace gwajin wannan rukunin nake so ba wani ba, har yanzu dai shiru.