God of War Ragnarök, dodanninsa ma suna da asali

Gaskiya gem ɗin nan na 2022 ya ci kuɗinsa, ba faɗan Kratos, jarumin gem ɗin, kaɗai ba, yadda suka nuna asalin dodannin ne ya fi kama ni. A tatsuniyoyin mutanen Norway da Iceland na da, ƙaton maciji Jormungandr da kyarkeci Fenrir 'ya'yan Loki ne, ɗaya daga cikin allolinsu, amma a gem ɗin Atreus, ɗan Kratos, shi ne ya ɗauki ruhin wani ƙato ya sa a jikin macijin da aka zare wa ruhi, wanda daga baya ya zama Jormungandr, shi kuma Fenrir da ya mutu ruhinsa cikin wuƙar yaron ya shige har aka mayar da shi jikin wani ƙaton kyarkeci mai suna Garm, wajen nan sai da na yi ƙwalla. Ɓangaren dajin Ironwood ya ɗan yi tsawo kam amma kar ka gaji, can labarin yake. In kana da PS4 ko PS5 nemi abinka.