WoRMS da MolluscaBase: rajistar sunayen dodon koɗin teku, amfaninta da inda ta tsaya

Babban dodon koɗin nan na tekun Karibiyan mai katantanwa ruwan hoda, masanin halittu Linnaeus ya raɗa masa suna Strombus gigas a 1758. Daga baya aka mayar da shi Lobatus gigas, a 2020 kuma aka sake kai shi Aliger gigas. Yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, wadda ta sa shi a jerinta na biyu tun 1992, da sunan farko ta rubuta shi. Halitta ɗaya ke nan da sunaye uku, kuma kowanne yana nan a wata takarda da ake aiki da ita. Ɗalibi, da mai kula da tarin katantanwa a gidan adana kayan tarihi, da jami'in da ke duba takardun kaya a tashar jiragen ruwa, duk suna bukatar wuri guda da zai gaya musu cewa sunayen nan abu ɗaya suke nufi, da kuma wanda masana suka tsaya a kai yau. Aikin da WoRMS da ƙanwarta MolluscaBase suke yi ke nan.

WoRMS, wato World Register of Marine Species, rajista ce ta halittun teku a intanet, kyauta, ba a bukatar buɗe asusu kafin a yi bincike. Ta fara a 2007, ta taso ne daga wata rajista ta halittun tekun Turai, kuma cibiyar nazarin teku ta VLIZ da ke Ostend a Beljiyam ce ke riƙe da ita. Yanzu tana da nau'o'i karɓaɓɓu fiye da 240,000. MolluscaBase ta zo a 2014, ta keɓanta ga rukunin Mollusca kaɗai, wato dodon koɗi da kawa da danginsu, amma ta faɗaɗa: ban da na teku, ta haɗa da na ruwan daɗi, da na tudu, da waɗanda suka ƙare sai burbushinsu a duwatsu. Rumbun bayanai ɗaya suke ɗiba, wanda ake kira Aphia, don haka gyaran da edita ya yi a ɗaya yana bayyana a ɗayar. Editocin masana ne daga ƙasashe dabam-dabam, kowa da dangin da ya ƙware a kai, kuma yawancinsu aikin sa-kai suke yi.

Abin da ya fi komai daraja a shafin shi ne tsarin rabon da yake bi, domin a nan ne tsofaffin littattafan karatu suke ɓatar da mutane. Shekaru da yawa ana koyar da cewa ajin Gastropoda, wato na dodon koɗi, kashi uku ne: Prosobranchia masu gaɓar numfashi a gaban zuciya, Opisthobranchia masu ita a bayan zuciya, da Pulmonata masu huhu. Johannes Thiele na Jamus ya kafa wannan tsari sosai a aikinsa na 1929 zuwa 1935. Binciken Ponder da Lindberg na 1997 ya nuna cewa Prosobranchia ba 'ya'yan kaka ɗaya ba ne, tarkace ne aka haɗa saboda kama. Nazarin DNA ya zo ya rushe sauran biyun, aka ga cewa sun cakuɗe da juna a cikin Heterobranchia. Bouchet da Rocroi sun fitar da sabon tsari a mujallar Malacologia a 2005 da dangi 611, sannan suka sabunta shi tare da wasu masana a 2017, adadin ya kai 721, daga ciki 245 burbushi ne kawai. Wannan na 2017 shi ne ƙashin bayan abin da za ka gani a shafin. Masu rai sun kasu ƙananan azuzuwa shida: Patellogastropoda, Neomphaliones, Vetigastropoda, Neritimorpha, Caenogastropoda da Heterobranchia. Idan ka rubuta Prosobranchia a wurin bincike, za ka same shi, amma da alamar cewa an daina aiki da shi. Wannan kaɗai ya isa dalilin da malami zai buɗe shafin kafin ya shiga aji.

Shafin kowane suna yana da sassa da ya kamata a karanta bi da bi. A sama akwai sunan da wanda ya raɗa shi da shekara. A kula da baka biyu. Wuri na kuɗin da, alal misali, Linnaeus ya kira shi Cypraea moneta, yau kuma Monetaria moneta (Linnaeus, 1758) ne. Bakan nan ba ado ba ne, yana nufin an ɗauke nau'in daga jinsin da aka fara sa shi zuwa wani, jinsi kuwa shi ne kalmar farko a sunan. Mai kwafa da ya cire baka, ko ya ƙara inda babu, ya canza ma'ana. Ƙarƙashin suna akwai lamba, AphiaID, wadda ba ta canzawa ko da an sauya matsayin sunan: ta Mollusca 51 ce, ta Gastropoda 101. Sai matsayi. Kalmar "accepted" na nufin karɓaɓɓe. "Unaccepted" na nufin an bar shi, kuma shafin zai nuna wanda ya maye gurbinsa, sau da yawa har da dalili. "Nomen dubium" suna ne da bayaninsa na asali bai isa a gane wace halitta ake nufi ba. "Taxon inquirendum" kuma yana jiran bincike. Akwai kuma "alternative representation", wanda ke rikita sababbin masu amfani: Conus (Gastridium) geographus da Conus geographus duk daidai ne, na farkon ya ƙara ƙaramin jinsi ne kawai. Can ƙasa akwai madogara, da mahaɗi zuwa bayanin asali a Biodiversity Heritage Library, ɗakin karatu na intanet mai littattafan halittu, idan yana nan, da tarihin gyara mai nuna wanda ya taɓa shafin da ranar da ya taɓa shi. Mutane da yawa ba sa sauka har can, alhali a nan ne ake gane ko sunan ya sha duba kwanan nan ko an bar shi yadda aka shigo da shi.

Ga mai dogon jeri akwai abin da suka kira Taxon Match, kuma shi ne ya fi rage wahala. Za ka shirya fayil na Excel ko CSV, suna ɗaya a kowane layi, kada ya wuce layi 1,500, idan ya fi haka a raba shi. Ka ware sunan kimiyya a gefe ɗaya, sunan wanda ya raɗa shi da shekara a wani gefen. Ka cire ƙarin da masu tattara samfuri suke liƙawa, irin su "sp." da "cf." da alamar tambaya, ka ajiye su a gefensu dabam don kada shakkar da suke nunawa ta ɓace. Bayan ka ɗora fayil, ka nuna wa shafin wane gefe ne mene ne, ka zaɓi abin da kake so ya dawo maka da shi: lamba, matsayi, karɓaɓɓen suna, da jerin rabo daga aji zuwa dangi. Sakamakon yana gaya maka irin dacewar da aka samu. "Exact" ya dace harafi da harafi. "Phonetic" da "near_1" zuwa "near_3" na nufin injin ya yi hasashe ne saboda kuskuren rubutu.

A nan ake yin ɓarna. Hasashen yana da kyau wajen kama harafin da ya faɗi, amma sunayen Latin da yawa harafi ɗaya ko biyu ne ya raba su, kuma injin bai san daga wane teku samfurinka ya fito ba. Duk layin da bai fito "exact" ba, a duba shi da ido. Ko wanda ya fito daidai ma yana iya zama tarko, domin dokar sunayen dabbobi da ta tsirrai ba su hana juna amfani da kalma ɗaya ba. Ficus jinsin dodon koɗin teku ne da Röding ya raɗa a 1798, kuma Ficus ne jinsin ɓaure. Turbinaria murjani ne, kuma ciyawar teku ce. Maganin wannan shi ne sa sunan wanda ya raɗa da shekara a fayil, sannan a duba gefen dangi a sakamako. Wani abin da ke sa mutum ya ɗauka suna ba ya nan shi ne 'yan akwatunan da ke taƙaita bincike ga halittun teku kawai ko masu rai kawai. Idan kana neman dodon koɗin tafki ko na burbushi, ka cire alamar, ko ka koma MolluscaBase. Masu rubuta manhaja suna da hanyar REST ta tambayar rumbun kai tsaye, da kunshin worrms a harshen kwamfuta na R, sai dai buƙata ɗaya ta dacewar sunaye ba ta ɗaukar fiye da 50.

Kuskure mafi tsada shi ne share tsohon suna a manna sabo a kansa. A bar sunan da aka rubuta tun farko a gefensa, a sa lambarsa, sannan a sa karɓaɓɓen suna da ranar da aka duba. Dalili shi ne rabon yana motsi. A 2011 aka tsaga tsohon dangin Turridae zuwa dangi 13. Dodon koɗi masu dafi na dangin Conidae, Tucker da Tenorio sun raba masu ransu jinsi 82 a 2009, sai Puillandre da abokan aikinsa suka tattara su zuwa huɗu a 2015: Conus, Conasprella, Profundiconus da Californiconus. Wanda ya goge asalin suna a jerinsa tsakanin waɗannan shekaru, da wuya ya iya komawa baya. Kuma abin ba na masana kaɗai ba ne: maganin ciwo ziconotide, da aka amince da shi a Amurka a 2004, daga dafin Conus magus aka samo shi, don haka mai neman rahotannin asibiti da na sinadarai dole ya san duk sunayen da aka kira dabbar da su.

Yanzu inda sabis ɗin ya tsaya. Rajistar suna ce, ba ta gane maka abin da ke hannunka. Idan ka shigar da sunan da ba na samfurinka ba, za ta amsa maka da "accepted" cikin natsuwa, domin sunan yana da kyau, kai ne ka liƙa shi a kan wata dabba. A wannan fanni kama da wane ba ta wane. Siffar katantanwa mai kamar hula da ke manne a dutse ta fito sau da yawa a rassa dabam: Patella tana Patellogastropoda, Diodora tana Vetigastropoda, Crepidula tana Caenogastropoda, Siphonaria kuma tana Heterobranchia. 'Yan dangin Vermetidae ma sai ka rantse bututun tsutsar teku ne. Rarrabe su na bukatar duba harshen nan mai haƙora da ake kira radula, wanda a wasu rukunoni haƙori bakwai ne a kowane jere, a wasu uku ko ɗaya, a Conus kuma kowane haƙori kibiya ce mai kai dafi. Yana bukatar duba murfin baki, da ƙwanƙolin katantanwa inda dabbar ta fara gini tana ƙarama, sau da yawa kuma sai an karanta guntun DNA da ake kira COI, mai tsawon haruffa 658. DNA ɗin ma yana iya lalacewa tun a bakin teku: dabbar takan shige ciki ta rufe murfi, itanol ya kasa shiga, naman ya ruɓe. A fitar da ita ko a yanki ɗan ƙafarta a sa a itanol mai ƙarfin kashi 95 ko 96 cikin ɗari. Fomalin, wani ruwan adana samfuri, yana ɓata DNA. WoRMS za ta ba ka mahaɗi zuwa GenBank da BOLD, rumbunan bayanan DNA, amma wannan aikin naka ne.

Hotunan shafin ba su da daidaito. Wasu dangogi da masu tara katantanwa suke so, kamar Cypraeidae da Conidae, sun wadata, ƙananan kuwa masu tsawon milimita biyu ko uku sau da yawa ba hoto ko ɗaya. Ba kowane hoto edita ya tantance ba, shafin yana nuna hakan, a duba. Bayanin inda nau'i yake rayuwa ma bai cika ba, rashin ambaton wata gaɓar teku ba hujja ba ce cewa babu dabbar a can. Don wannan OBIS, rumbun bayanan inda aka ga halittun teku, ya fi, kuma shi ma da sunayen WoRMS yake aiki. Shafin da Turanci yake, sunayen gargajiya kuma na harsunan Turai ne suka fi yawa.

Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa a fili: "accepted" hukuncin edita ne bisa abin da aka buga, ba yarjejeniyar duniya ba. Dokar sunayen dabbobi ta ICZN, wadda bugunta na huɗu ya fara aiki a 2000, tana tsara wane suna ya riga wane daga nau'i zuwa babban dangi, amma ba ta cewa wannan jinsi a tsaga shi ko a haɗe shi. Lokacin da aka ɗauke kawar Pasifik daga Crassostrea gigas zuwa Magallana gigas, rajistar ta karɓa, amma masana da dama da masu kiwon kawa suka ƙi, kuma har yau ana buga rahotanni da sunayen biyu. A irin wannan yanayi abin da ya dace shi ne a rubuta wanda aka bi, a ambaci ɗayan sau ɗaya a farkon rubutu. Na fi son yadda MolluscaBase take nuna madogarar kowane sauyi, domin mai karatu yana iya zuwa ya auna hujjar da kansa.

Wanda yake son dukan rumbun a kwamfutarsa sai ya cike takardar neman izini, ba a sauke shi kai tsaye. Rubutun shafin ana iya amfani da shi idan an ambaci tushe, hotuna kuwa kowanne da sharaɗinsa, yawanci ban da kasuwanci. A ƙasan kowane shafi akwai yadda za a ambace shi, har da ranar da aka duba, kuma ranar nan a sa ta a rahoto, domin shafin da ka gani yau yana iya sauyawa kafin a buga aikinka. Idan ka ga kuskure, adireshin tuntuɓa yana shafin. Ka aika da sunan, da lambarsa, da takardar da ta nuna gyaran, su kuma su miƙa wa editan dangin.