Fumfuna a kan babbar riga: yadda danshin Houston ke cin gida a ɓoye

A bara na tafi Kano hutun makonni shida, kuma kafin in kama hanyar filin jirgi na yi wa gidana na Houston, a jihar Texas ta Amurka, abin da kowane mutumin Arewa zai yi wa nasa: na kashe na'urar sanyaya ɗaki, na kashe fankoki, na rufe tagogi ruf, na saki labule, ina ganin na yi tattalin kuɗin wuta kuma na tsare kayana daga ƙura. Ranar da na dawo, a tsakiyar watan Agusta, tun daga bakin ƙofa wani wari ya tare ni, irin na tabarmar da ta kwana a cikin ruwa. Da na buɗe durowar tufafi na tarar da fumfuna ta lulluɓe manyan riguna biyu na shadda, ta yi kore-kore a kan takalman fata da na sayo a Kasuwar Kurmi, har gafakar Alƙur'anin da mahaifina ya bar mini ta yi fari-fari kamar an barbaɗa mata gari. Ruwan sama bai shiga gidan ba, famfo bai fashe ba, iskar garin kaɗai ce ta yi wannan ɓarna.

Houston na da nisan kilomita kusan 80 daga gaɓar tekun Mekziko, kuma ruwan da take samu a shekara ya kai wajen milimita 1,300, a warwatse cikin dukkan watanni, babu rani irin namu da zai busar da gini. Da asuba danshin iska kan kai kashi 90 cikin ɗari, alhali a hunturun Kano yana sauka ƙasa da kashi 20, har leɓe ya tsage. Na san waɗannan alƙaluma a takarda tun da daɗewa, amma ban fahimci cewa na'urar sanyaya ɗaki a nan aiki biyu take yi ba, wato sanyayawa da kuma tsotse ruwan da ke cikin iska, sai da wani mai binciken gidaje ya tsaya a falona ya faɗa mini.

Wannan mutumi shi ne dalilin wannan rubutu. Sana'arsa dubawa ce kawai, da lasisin hukumar jihar Texas, kuma bai zo da buhun siminti ko gwangwanin fenti da zai sayar mini ba. Ya zo da tocila, da tsani, da sukundireba, da wata 'yar na'ura mai ƙusoshi biyu da yake dannawa a jikin bango ta nuna yawan danshin da ke ciki. Na biya shi dala 450, kuɗin da na ji zafin fitar da su, ya kuwa shafe awa uku yana zagaya gidan kamar likitan da ke duba majinyaci daga kai har ƙafa. Ya ce hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar a riƙe danshin cikin gida ƙasa da kashi 60, kuma duk abin da ya jiƙe bai bushe ba cikin kwana ɗaya zuwa biyu, to fumfuna ta samu wurin zama. Da na bar na'urar a kan digiri 26, in ji shi, da rigunana sun tsira.

Abin da ya fi ba ni kunya yana waje. A layin bulo na ƙasa, a kewayen gidan, akwai wasu ƙananan ramuka da aka bari babu siminti tsakanin bulo da bulo. Lokacin da na tare na ɗauka sakacin birkila ne, na kuma ji tsoron kada kyankyasai su bi ta nan, saboda haka na sayo abin toshiya na bi su ɗaya bayan ɗaya na liƙe. Mutumin ya durƙusa ya daɗe yana kallon aikina, sannan ya tambaye ni cikin ladabi ko na san wanda ya yi wannan. Na ce ni ne. Ya bayyana mini cewa bulon nan riga ce kawai, ainihin gidan katako ne, kuma ruwan da ya ratsa bulo yana gangarowa ta bayansa ya fita ta waɗannan ramuka. Da hannuna na tsare ruwa a cikin bango. Ya kai ni ɗakin da ke bayan wurin, ya danna na'urarsa a gindin bango, lambar ta yi sama, ya sa yatsa ya nuna mini inda fenti ya kumbura kamar ƙuna.

Daga nan na riƙa bin sa ina rubutawa. Ya nuna mini wani tabo mai ruwan ƙasa a silin ɗin zaure, wanda na sha gani ban damu ba, ya hau cikin rufi ya tarar bututun da ke fitar da ruwan na'urar sanyaya ɗaki ya toshe da gansakuka. Ashe ɗan bututun da ke ɗiga a saman tagar kicin, wanda na ajiye wa bokiti, an sa shi a nan da gangan ne domin mai gida ya gani ya san babban bututun ya toshe. Ya kankare wani siririn layin laka a jikin harsashin ginin, sai ga gara tana kai da kawowa a ciki. Ya soka sukundireba a katakon ƙasan ƙofar baya, ya shige kamar cikin dafaffen rogo, duk da cewa fentin da ke kai lafiyarsa ƙalau. Ya duba ƙofar da ke ƙin rufuwa, da tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga, ya ce ƙasar Houston yumɓu ce mai kumbura idan ta sha ruwa, ta motse idan ta bushe, kuma gini na motsi tare da ita. Game da tsatsar da ke kan ƙusoshin shinge kuwa, ya ce in gode wa Allah ban zauna a Galveston ba, inda gishirin iskar teku ke cin ƙarfe cikin 'yan shekaru. Da dare ya aiko mini rahoto mai shafi fiye da talatin, kowace matsala da hotonta da jan da'ira a kanta.

Ba zan ɓoye takaicina ba. Gidajen nan ba su da ƙwari a idon wanda ya tashi a cikin ginin tubali: bangon ciki allo ne na irin garin da ake silin ɗin POP, an manna masa takarda gaba da baya, kuma takardar nan ita ce abincin fumfuna. Mai gyaran famfo yana karɓar kuɗi don zuwa kawai, tun kafin ya taɓa komai, sannan sai ka jira kwana huɗu ko biyar kafin ya samu lokacinka. Kamfanin inshora ya shaida mini cewa ɓarnar da ta faru sannu a hankali ba ta cikin yarjejeniyarmu, ta ambaliya ma takarda ce daban, abin da dubban iyalai suka gano da hawaye bayan guguwar Harvey ta shekarar 2017. A irin wannan lokaci nakan tuna kafintan unguwarmu, wanda yaro kawai za ka aika ya zo kafin la'asar, ku yi ciniki a tsaye, ya ci tuwon gidanku. Nakan tuna iskar hunturu da ke busar da wanki kafin ka gama shanya na ƙarshe.

Duk da haka akwai abin da ya kamata mu ji kunyarsa. A Texas doka ta hana wanda ya binciki fumfuna a gida ya zama shi ne zai karɓi kwangilar kawar da ita a wannan gidan, domin kada ya ƙara gishiri. A wurinmu kuwa birkila shi ne mai dubawa, shi ne mai sayo kaya, shi ne mai yanke hukunci, kuma ba ma kiransa sai katanga ta faɗi a watan Agusta. Idan gindin bango ya fara farfashewa da farin gishiri, sai mu ce kanwa ce, mu manna tayil a kai, danshin ya hau sama da tayil ɗin ya ci gaba da aikinsa. Mai gidan haya yana shafa sabon fenti a kan baƙin tabo mako guda kafin sabon ɗan haya ya shigo. Mun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma tsagar tana gabanmu shekara uku muna wucewa.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan ilimi namu ne tun asali. Ina yaro, kafin ruwan farko ya sauka, kakana kan hau soro da kansa ya duba rufi, a share indararo, a kwaɓa ƙasa a yi yaɓe, a taka ko'ina da ƙafa a ji inda ya yi laushi. Maginan Kano sun zaɓi azarar giginya ne saboda gara ba ta cinta da sauƙi, suna kuma shafa makuba don ruwa ya zame daga bango. Da muka koma siminti da kwano sai muka ɗauka gini ya daina buƙatar ido, muka yar da zagayen shekara-shekara tare da tubalin.

Na buɗe ramukan bulon nan da hannuna, an yanke allon da ya jiƙe an sake wani, masu maganin gara sun zo sun yi aikinsu, kuma na sayi 'yar na'urar auna danshi ta dala goma na rataye a zaure. Gafakar ta gogu, amma riga ɗaya ba ta dawo ba. A watan Afrilu na kira ƙanena na ce ya samu tsani ya hau rufin ɗakin Hajiya, ya duba ƙusoshin kwano da indararo, ya ɗaga katifarta ya taɓa gindin bango da tafin hannu. Ya ce, “Yaya, ai ba ya yoyo.” Na ce ya hau dai. Da yamma ya aiko mini hoton katako biyu da gara ta rarake a daidai saman gadonta.